Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Samarin Ɗan Issa da Kuɗin Gidauniyoyi

Ranar 7 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Issa, ya hallaka mutum aƙalla 18. Washegari, 8 ga wata, tun ba a tashi daga zaman makoki ba, gobara ta kama azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasa rayukansu. Cikin kwana biyu jihar Maraɗi ta binne majiya ƙarfi da suka tafi neman abinci a ƙarƙashin ƙasa, ta kuma binne ƴan yaran da iyayensu suka tura neman ilimi a ƙarƙashin kara. Duk wanda ya dubi masifun nan biyu da idon basira zai ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su: makarantar da ba ta da ginin da zai tsare ƙaramin yaro, da wuya ta sami abin da za ta riƙe saurayi da shi.

A irin wannan hali ne gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ke zuwa da kuɗi, suna cewa za su tallafa wa matasa su tsara kansu, su sa hannu cikin gyaran makaranta. Gidauniya, kamar yadda aka sani, dukiya ce da wani attajiri ko kamfani ko jama'ar addini suka ware domin gudummawa. Amma a wurin talakan ƙauye, da gidauniya da hukumar agajin wata gwamnati da ONG duk sunansu ɗaya, wato furoje. Niyyar mai kyau ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a kori wanda ya kawo gudummawa. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne sharaɗi. Kuɗin nan ba su yin amfani sai in sun tarar samari sun riga sun fara aiki da abin da ke hannunsu, aka damƙa musu su a gaban jama'a, aka kuma sayi abin da gari ba ya iya samar wa kansa. In aka saɓa wa wannan, kuɗin za su ƙare, aikin ya bi su, a bar gari cikin mutuwar zuciyar da ta fi ta da.

Gari a bakin iyaka

Ɗan Issa gari ne na bakin iyaka a gundumar Madarunfa, kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina. Yaron da ya tashi a nan, tun yana ƙarami yake ganin manyan motoci a jere suna jiran ƴan duwan, yana ganin sa'o'insa na samun na kashewa ta hanyar dako, da kabu-kabu, da sayar da mai a kwalba, da canjin naira da sefa. Daga 2021 zinariya ta ƙaru a kan waɗannan. In kaka ta wuce kuma, ga hanyar ci-rani a buɗe zuwa Kano da Legas, ko Agadas da Libiya. Saboda haka makaranta a wannan yanki tana da kishiyoyi da yawa, kuma kowace kishiya a yau take biya, ita kuwa makaranta alkawari take yi na shekara goma ko fiye.

Sai dai abincin iyaka ba shi da tabbas. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma kowane karo samarin da suka dogara da ita suka wayi gari hannu rabbana. Bugu da ƙari, tun 2019 ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa saboda ɓarnar ƴan bindiga, da ƴaƴansu waɗanda su ma ke bukatar aji da malami.

Ita kanta makarantar tana fama da ciwonta. Ajin zana ba ya tashi sai an yi girbi an sami kara, ba ya kuma jure ruwan farko. Ke nan ana cin shekarar karatu ta kai da ta gindi. A 2021 hukumomin wancan lokaci sun ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Awon PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A awon 2019 an sami ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma. Game da ƴan mata kuwa, binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi ta ɗara wannan adadi. Uban da ya ga ɗansa ya yi shekara shida a lakwal bai iya karanta wasiƙa ba, ba za a ce ya yi wauta ba in ya tambayi amfanin abin.

Daga Samariya zuwa fada

Tsara matasa domin aikin gari ba baƙon abu ba ne da za a kawo wa ƙasar Katsina ta Maraɗi cikin jaka. Tun kaka da kakanni kowane gari yana da sarkin samari, yana da gayya: a noma gonar marar ƙarfi, a yashe rijiya, a share hanya, a rufa ɗakin tsohuwa kafin damina. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin marigayi Seyni Kunce ta farfaɗo da wannan al'ada da sunan Samariya, ta ba ta tsari tun daga unguwa har zuwa ƙasa. Samariya ta buga tubali ta gina azuzuwa, ta dasa itatuwa, ta tsabtace garuruwa, ta cika filayen bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976. Da aka kafa tsarin raya ƙasa da Faransanci ake kira Société de développement, Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma su ne ginshiƙansa biyu. Har yau akwai dattawan da za su nuna wurin da suka kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu domin ajin da ƙannensu suka yi karatu a ciki, ba tare da an ba kowa ko dala ba.

Amma Samariya tana da aibinta, kuma wajibi ne a faɗe shi domin kada a maimaita. Umarninta daga sama yake saukowa. Sufurefe ya ce a fito, a fito. Ya ce a tarbi baƙo da kiɗa da tafi, a tarbe shi. Saurayi yana da hannun aiki, amma ba shi da bakin tambayar dalilin da ya sa malami bai zo ba, ko inda simintin aji ya shiga. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, sai jama'a suka ɗauki Samariya kayan aikin tsohon mulki, ta watse tare da shi.

Gurbin da ta bari, fada ce ta cika shi. Daga shekarun 1990 samari suka riƙa haɗuwa a ƙofar gida ko gindin itace, da butar shayi da rediyo, kowace fada da sunanta da shugabanta da ɗan asusunta. Wasu na yi mata kallon zaman kashe wando, kuma gaskiya ne ƴan siyasa sun sha sayen wasu fadodi da sukari da ganyen shayi lokacin zaɓe. Duk da haka fada ce ke taya ɗan uwa biki da suna, ita ke sintiri da dare, ita ke fitowa yashe magudanar ruwa. Ba wanda ya kafa ta daga ofis, ba wanda ke biyan ta. Wanda ke neman ƙungiyar da matasa ke jagoranta da kansu a Ɗan Issa, ga ta nan a bakin titi.

Hanyar da kuɗin ke bi

Matsalar ita ce kuɗin gidauniya ba su san hanyar bakin titi ba. Ana shelar neman masu bukata ta intanet, da Faransanci ko Ingilishi. Ana son ƙungiya mai takardar izini bisa dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, mai asusu a banki, mai akanta, mai rahoton ayyukan da ta yi a baya. Fada ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka kuɗin kan faɗa hannun babbar ƙungiya ta ƙasar waje, ita ta ba wata a Yamai, ta Yamai ta ba wata a Maraɗi, kuma a kowane zango sai an cire hayar ofis da man mota da albashin ma'aikata. Abin da kan iso ƙauye sau da yawa shi ne taron horo na kwana uku, da riga mai tambari, da kuɗin zama, da allon ƙarfe a bakin hanya mai ɗauke da sunayen masu bayarwa.

Ɓarnar wannan tsari ta wuce asarar kuɗi. Saurayin da ya saba karɓar kuɗin zama, ran da aka kira shi gayya sai ya tambayi nawa za a ba shi. Ƙungiyoyin takarda kan tsiro kamar ciyawar damina, mutum uku da hatimi ɗaya, ba su da aiki sai jiran furoje. Waɗanda suka iya Faransanci su zama bakin matasa, waɗanda suka bar lakwal a aji uku, da almajirai, da ƴan matan da aka aurar, wato ainihin masu ciwon, su koma ƴan kallo. Kuma tun da ajandar daga nesa aka rubuto ta, bana a ce zaman lafiya, baɗi a ce sauyin yanayi, samari na canza waƙa gwargwadon kiɗan mai kuɗi.

Sannan kuɗin waje suna da igiya, kuma bakin igiyar yana hannun wasu. Shirin IMAGINE na hukumar MCC ta Amurka, wanda ya gina makarantu sama da 60 domin jawo ƴan mata karatu, an dakatar da shi a 2009 saboda rikicin tazarce, tun bai kammala sauran abin da ya tsara ba. Bayan sauyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasashe da hukumomi da dama sun tsayar da taimakonsu. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID ɗungurungum. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke bayan an tambayi wani uba a Madarunfa. Gidauniyoyi masu zaman kansu sun fi gwamnatoci sakewa, amma su ma kwamitinsu kan zauna a wani birni mai nisa ya juya akala. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya ɗore

Jihar Maraɗi tana da nata misalan abin da ya ɗore, kuma da tsohuwar zuma ake magani. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a wannan jiha. Ba ta ba matan jari ba. Ta ɗauki adashin da suka sani, ta ƙara masa tsari: zubi kowane mako, akwati mai makulli, bashi ga ƴar ƙungiya, lissafi a gaban kowa, rabo a ƙarshen zagaye. Abin da baƙo ya kawo horo ne, kuɗin na matan ne. Shi ya sa bayan furoje ya tafi akwatunan suka ci gaba da cika, har dabarar ta bazu ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya. Haka sassaben zamani, wanda aka fara yaɗawa a karkarar Maraɗi a 1983: manomi ya bar tohon itace a gonarsa ya kula da shi, ba da wani tsada ba, ga shi gonaki sun sake yin inuwa.

A fannin makaranta ma akwai darasi. A 2004 shirin Makaranta Don Kowa, da taimakon hukumar JICA ta Japan, ya fara a jihar Tawa da kafa kwamitocin kula da makaranta, COGES, waɗanda daga baya aka koma kira CGDES. Sirrinsa abu uku ne: jama'a su zaɓi wakilansu ta ƙuri'ar asiri, su zauna su tsara aikin shekara, su tara abin da za su iya. Da aka gwada ba kwamitocin kuɗi kai tsaye, a ƙarshen 2007, a makarantu 500 na jihohin Tawa da Damagaram, masu bincike sun tarar iyaye sun ƙara himma, an gyara gine-gine, amma karatun yara bai ƙaru ba, fashin malamai ma ƙaruwa ya yi. Wani gwajin da JICA ta yi daga baya ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba su ɗaga sakamakon yara ba, sai inda aka haɗa su da nuna wa iyaye matakin karatun ƴaƴansu da koya musu tsara aikin da zai gyara shi. Wannan ya isa hujja cewa sanin ciwo da tsara magani su ne gaba, kuɗi na biye.

Cikin gidauniyoyi, ta Strømme ta ƙasar Norway ta yi abin da ya cancanci a duba. Ta ƙirƙiro makarantar gaggawa a Mali a 2004, daga baya aka kawo ta Nijar: a ɗauki yaro mai shekara 8 zuwa 12 da bai shiga lakwal ba ko ya fita, a koyar da shi wata tara, watannin farko cikin harshen uwa, sannan a miƙa shi makarantar gwamnati. Gidauniyar ba ta kafa daular kanta ba. Gada ta yi zuwa makarantar da ke nan, kuma gari ne ke bayar da wurin karatu.

Gurbin samari cikin gyaran makaranta

Maganar gyaran makarantar Nijar ta daɗe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1982 aka yi babbar muhawarar ƙasa kan makaranta a wannan birni. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu dai sun cika. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littafi a hannun yaro, da babban da zai zauna da shi ya ji yana karantawa. A nan ne samarin Ɗan Issa ke da gurbin da babu minista ko baƙon da zai cike musu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fada ɗaya, in ta ɗauki unguwarta gida gida, cikin mako guda za ta rubuta sunan kowane yaro da ya isa shiga makaranta bai shiga ba, da wanda ya fita, da dalilin fitarsa, da wanda ba shi da takardar haihuwa, wadda in babu ita ba zai zauna jarrabawa ba. Babu jami'in da ya zo daga birni da za a buɗe masa ƙofofin da za a buɗe wa ɗan unguwa. Samari da ƴan matan da suka kai kwaleji, ko suka dawo hutu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, za su iya tara ƙannensu da yamma su koya musu haɗa baƙi da wasali cikin Hausa, domin yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Faransanci ba zai gagare shi ba. Za su iya zama da malaman allo cikin ladabi a daidaita lokaci, yadda almajiri zai sami lissafi da boko ba tare da ya bar allonsa ba. Ƴan mata za su iya raka ƙannensu hanya, su kuma kai magana wurin iyaye mata tun kafin a sa ranar auren ɗaliba, su tuna musu da dokar 5 ga Disamba 2017 mai kare yarinyar da ke makaranta.

Akwai kuma aikin baki, wanda Samariya ba ta samu ba. Taron CGDES na jama'ar gari ne, kuma babu abin da ya hana samari halarta. Su zo da takardarsu: kwana nawa aka yi karatu a wannan wata, kwana nawa aji ya zauna babu malami, littafi nawa aka kawo, nawa ya rage. Su faɗa ba da cin fuska ba, domin malamin kwantaragi da albashinsa ya makara, wanda sai ya yi tafiya kafin ya karɓa, shi ma abin tausayi ne, kuma sau da yawa laifin na tsari ne. Lissafin da aka rubuta, aka karanta a gaban mai gari da darakta da iyaye, ya fi zanga-zanga goma nauyi in ya isa teburin sufeto.

Duk waɗannan ayyuka ba su bukatar miliyoyi kafin a fara. Inda gidauniya za ta shigo shi ne wurin da ƙarfin gari ya tsaya: kwano da siminti da ƙarfe domin ajin da samari suka buga wa tubali, bencina, fitilar hasken rana ta karatun dare, buga littattafan Hausa masu araha da yawa, da horo kan koyar da karatu da riƙe lissafi.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa in aka damƙa wa samari kuɗi za su cinye. Tsoron yana da tushe, amma cin amana bai san shekaru ba, kuma manya masu ofis da hatimi ba su tsira daga gare shi ba. Maganinsa matan karkara sun riga sun gano shi: a fara da kaɗan, ko da jika 200 ce, a ƙirga a bainar jama'a, makulli a hannun mutum fiye da ɗaya, a rubuta shiga da fita da Hausa a manna a bangon makaranta. Wanda ya riƙe kaɗan da amana a ƙara masa. Kuɗin da gari duka ya san adadinsu sun fi wuyar sata a kan waɗanda rahotonsu ke tafiya Turai cikin harshen da gari ba ya ji.

Akwai masu cewa ilimi haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma gayyar samari da kuɗin baƙi suna ba ta damar zamewa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Albashin malami, da horar da shi, da tsarin karatu, da kawar da azuzuwan zana, duk nauyin hukuma ne, babu gidauniyar da za ta ɗauke shi, bai ma kamata ta gwada ba. Amma garin da ya ƙirga ƴaƴansa, ya san kwanakin karatunsa, ya tayar da bangon aji, shi ne ke da bakin neman haƙƙinsa. Wanda ya naɗe hannu yana jira, ko an zalunce shi ba shi da shaidar da zai nuna.

Akwai kuma dattawan da ke fargabar cewa za a koya wa yara raina na gaba da su, ko a shigo da baƙuwar tarbiyya ta bayan gida. Amsar wannan tana cikin sharaɗin da aka ambata tun farko. Aikin da aka tsara a fili, da sanin mai gari da liman da iyaye mata, wanda samarin gari suka zaɓa da kansu, ba shi da ɓoyayyen ɗaki. Abin da ake ƙullawa a otal ɗin birni shi ke haifar da zargi.

Abin da ya wajaba

Ya wajaba ga gidauniyoyi su sauko da ƙofarsu daidai tsawon masu shiga: su karɓi bukata da Hausa, a rubuce ko a faɗe, su tambayi abin da ƙungiya ta riga ta yi kafin su tambayi abin da take so, su rage taro da kuɗin zama, su gwammace ƙaramin taimako na shekara biyar a kan babba na wata goma sha takwas, su bayyana wa gari tun ranar farko nawa aka ware, nawa zai iso, da ranar da za su tafi.

Ya wajaba ga hukumomi, tun daga ƙaramar hukumar Ɗan Issa har zuwa gunduma da jiha, su sauƙaƙa wa ƙungiyoyin samari samun takardar shaida, su san kowane furoje da ya shigo da abin da ya kawo, su kuma tsare kansu daga jarabar mayar da fada ƴar amshin shata. Abin da ya kashe Samariya kada a shayar da jikokinta shi.

Ya wajaba ga iyaye da sarakuna da malamai su ba samari wurin zama a taron makaranta, su saurare su ko da maganar ta yi ɗaci, su kuma tuna cewa ƴan mata rabin matasan gari ne.

Su kuwa samari, nasu ya fi na kowa. Kada su jira mota mai tambari. Rajistar yaran unguwa ba ta bukatar komai sai littafin rubutu da biro. Karatun yamma ba ya bukatar komai sai tabarma da allo da haƙuri. Fadar da ta yi shekara guda tana wannan, ran da mai gudummawa ya zo za ta yi magana da shi a tsaye, ta ce ga abin da aka yi, ga abin da ya rage, ga inda ake son hannu. In ya taimaka, madalla. In bai zo ba, ko ya zo ya tafi, yaran da suka iya karatu sun riga sun iya, babu mai ƙwace musu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Garin Liman da Maraɗi, ya ba na baya ikon gyara abin da ya kai su.